Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaurin Baƙin Mai a Injin Mota

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da tambaya cewa motarsa na ƙaurin baƙin mai idan ta yi zafi, mene ne dalili?

To, Malam, mun gode. Galibi mai ne ke yoyo yana ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, sai ya ƙone. Bari injin ya huce, ka buɗe bonet ka duba gefen murfin saman injin. In ka ga maiƙo haɗe da ƙura, gasket ɗinsa ya bushe, sai a sauya. Duba filta ma, wataƙila ba a ɗaure ta sosai ba lokacin juyen mai. Da dare ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar, da safe ɗigon zai nuna maka wurin.

Amma in hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ke fita daga salansa, a cikin injin man yake ƙonewa, wataƙila ringi ya cinye. Wannan aikin bakanike ne.

Riƙa auna mai kowace safiya. In jar fitilar mai ta kama kuwa, ka tsaya ka kashe injin nan take. Allah ya kiyaye hanya.