Kafin A Ɗaura Wa Tarakta Fitilar Ƙari

Ruwan shuka idan ya sauka a ƙasar Gumel ba ya jiran kowa. Ƙasar rairayi ce, danshi ba ya daɗewa a cikinta, damina kuma gajera, daga wajen Yuni zuwa Satumba an gama. Taraktocin da ke tsakanin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba su kai yawan gonakin da ke jiransu ba, shi ya sa direba kan kwana a daji, ya gama haro a gonar wannan ya faɗa ta wancan da rija. A irin waɗannan makonni ne ake cika mana gareji, mu masu wayarin, da magana guda: "Oga, a ƙara min wuta." Direba ya zo da fitilun LED a kwali, masu wat 27 ko 48, ko doguwar nan da ake yayi, ya nuna ƙololuwar rumfa ya ce can yake so.

Nakan tambaye shi, me kake son gani? Ya ce gaba mana. To amma tarakta mai jan haro tafiyarta ba ta wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa, ba ta bukatar hasken da zai kai ƙauyen gaba. Aikin da ake biyan kuɗinsa a baya yake. Can ne kunya take fita a miƙe ko a karkace, can ne ciyawa ke naɗe faifan haro, can ne kusa ke zarewa ba a sani ba sai an yi nisa. Saboda haka idan kuɗin mai tarakta na fitila biyu ne kacal, baya nake kai su.

Wurinsu shi ne saman madigadi, ɗaya dama ɗaya hagu, a sunkuyar da su ƙasa, a ɗan karkato kowace zuwa tsakiya. Fitila ɗaya a tsakiya tana jefa inuwar rija daidai inda kake son dubawa, amma idan biyu ne, kowace tana kashe inuwar 'yar'uwarta. A sayi mai baza haske, a bar mai harba shi wuri guda. A jikin kwalin ake rubuta bambancin, kuma gilashin mai bazawa yakan zo da zane-zane. Ƙarfen madigadi ba shi da kauri. Idan aka huda shi aka ɗaure noti haka kawai, girgizar damina ɗaya ta isa ta tsaga wurin, fitila ta dinga lilo. Ana sa ɗan faranti na ƙarfe ta ƙasa da guntun robar taya a tsakani. Sannan a ɗaga rija har ƙarshenta a gani ko za ta taɓa fitilar, don na sha karɓar wadda rija ta murƙushe a juyin farko.

Gaba kuwa, ƙura ce ke yanke hukunci. Wanda ya taɓa haro a jigawa kafin ruwa ya ratsa ƙasa sosai ya san yadda take tashi, musamman idan iska na bin bayansa. Fitilar da ke kusa da idon direba, wato bisa kansa ko gefen kunnensa, tana haska ƙurar da ke gabansa ne, hasken ya dawo masa fari fat, kamar mai haska tocila cikin hazon hunturu. Ƙara wat a nan ƙara makanta ne. Idan kuma fitilar tana bayan sitiyari, bonet da salansa suke fara shan hasken su mayar masa a fuska. A Massey Ferguson 375, wadda salansarta ke tsaye a gefen bonet, abin ya fi fitowa fili. Ido ya saba da wannan ƙyallin, duk abin da ke nesa ya koma baƙi.

Na fi son fitilar gaba ta sauko ƙasa, gefen hancin tarakta ko kan ƙarfen da ake rataya nauyi, matuƙar ba ta tare wa lagireto iska ba. Hasken da ya kwanta yana fito da inuwa: kututture, suri, rami, duk sai su nuna kansu tun daga nesa. Hasken da ya sauko daga sama kuwa shafe su yake, gona ta zama sumul a ido alhali ba haka take ba. Wanda ya nace sai ta sama, a sa masa ita a bakin rumfa ta gaba, ta ƙarƙashin leɓenta, a karkata yadda hasken zai tsallake bonet. Dalilin ɓoye ta a ƙarƙashi shi ne itatuwan gonakinmu. Gawo da damina yake zubar da ganye, rassansa tsirara suke a lokacin da ake noma, da dare ba a ganinsu sai sun kama abu. Aduwa ma tana kamawa da ƙayarta. Duk abin da ya ɗara rumfa tsawo, rabonsu ne. Akwai kuma shinge: daren da ya fito bayan ruwa, fitilar da ke bisa kan direba ita ce ke tara masa shi a wuya da cikin riga.

Ƙaramar fitila a gefe tana da amfani ga mai aiki a gonar da bai sani ba, don ya ga jerin gamba ko tumfafiyar da aka bari a matsayin iyaka. Layi biyu a gonar maƙwabci ya isa a wayi gari a ƙofar mai unguwa.

Wasu taraktocin, musamman sababbi, suna zuwa da wani ƙarfe mai kauri da ya yi baka a bayan kujera. An yi shi ne don idan tarakta ta kife kada ta danne direba. Wuri ne mai kyau na fitilar baya, amma ba a huda shi, ba a yi masa walda. Rami ɗaya ko zafin walda na rage masa ƙarfi, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ake bukatarsa. Da maƙale mai noti ake kama fitila a jikinsa. Duk inda za a yi walda a jikin tarakta ma, a fara cire kan batir, in ba haka ba altaneta na iya tafiya.

Wayarin shi ne inda ake yi mana kasada. An taɓa kawo min wata tarakta da aka ja wayar rediyo daga bayan makunni, aka murɗa da hannu, aka naɗe da baƙar leda, aka bi da ita ta kusa da salansa. Robar ta narke ta manne da ƙarfe, sa'a ce kawai ta hana gobara. Lissafin ba wuya: raba wat da 12 ka sami amfiya. Fitila huɗu masu wat 48, idan da gaske sun kai abin da aka rubuta, amfiya 16 ke nan. Tsofaffin ƙwayaye biyu masu wat 55 suna jan kusan 9. A duba abin da altaneta ke iya bayarwa kafin a jibga mata kaya, don ta tsohuwar tarakta ƙarama ce. Wuta ta taso daga batir, fiyus na kusa da kansa, ta bi ta rile, waya mai kauri a cikin tiyo, a ɗaɗɗaure nesa da zafi da hannayen ɗaga rija. A ja wayar nagatif daban zuwa gangar jiki, domin kusoshin madigadi suna tsatsa, daga nan fitila ta fara ƙiftawa a ce ta lalace alhali lafiyarta lau. Wanda kuma ya kashe inji ya bar fitilu suna ci, da safe sai turi, a ƙasar da babu gangare.

Makunnin baya daban, na gaba daban. Wannan ba na sassauci a kansa, ko mai tarakta ya ce kuɗin ya yi yawa. Daren Laraba da na Alhamis hanyar Gumel zuwa Maigatari cike take saboda kasuwa: manyan motocin dabbobi, babura, amalanke. Mai babur da ya taho daga baya ya ga farar fitila biyu zai ɗauka mota ce ke nufo shi, ko hasken ya kashe masa ido har ya kasa ganin tirelar da ake ja. Fitilar aiki ba ta da dim, ta gaba ma makantar da mai zuwa take. Da zarar taya ta hau kwalta a kashe su duka, a koma kan fitilun asali, a tabbata akwai ja a baya, tirela kuma tana da nata jan da abin ƙyalli a kusurwa biyu.

Da kaka, idan aka jona injin casa, wurin da ya fi bukatar haske shi ne shaf ɗin baya. Yana juyi 540 a minti, tara ke nan a daƙiƙa, kuma bakin riga ko rawani ya ishe shi. A karkato fitilar madigadi ta sauka a kansa, kada ta shiga idon masu ɗura gero. Tsohon ƙwai mai zafi ba ya shiri da ƙaiƙayi, a nan LED ta fi.

Ba a saita fitila da rana a gareji. A bari magariba ta yi, a jona haro ko rija, a fita fili, direban da zai yi aikin ya hau kujerarsa, yaron gareji yana karkata fitila yana faɗin inda ya yi masa. Ya ɗaga, ya sauke, ya waiwaya ta dama da hagu. Sai ya ce ya gani sannan a ƙara wa noti ƙarfi, bayan kwana biyu na aiki kuma a sake bin su da sifana.