Ga Malamin da Zai Je Koyarwa Ƙauyen Gambiya

Tun 1987 Najeriya ke tura ƙwararru ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik a ƙarƙashin shirin TAC, wa'adin shekara biyu. Idan rabonka ya faɗa wani ƙauyen Gambiya, malam, fara da gaisuwa. Kafin ka taka aji, nemi shugaban makaranta ya raka ka wurin alkalo, wato mai gari, da ɗan goronka a hannu. Iyaye suna lura da wannan.

Da Turanci ake karatu, amma yaran da Mandinka, Wolof ko Fulatanci suke tashi a gida. Koyi gaisuwa da ƙirga cikin harshensu, ka bar su su yi dariyar lafazinka. Nan bakinsu zai buɗe. Littafi ɗaya kan zagaya yara da yawa, don haka gyara rubutunka na allo, ka riƙa ɓoye alli a aljihu.

Kada ka fara raba kuɗi. Yau ka ba ɗaya, gobe layi ne a ƙofarka. Duk taimako ya bi ta hannun makaranta.

Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, kwana cikin gidan sauro, ka tafasa ruwan sha.