Idan Likitan Haƙori Ya Bar Aiki: Yadda Ake Rufe Asusunsa A Manhajar Asibiti

Asibitocin haƙori da yawa a Amurka suna gudanar da ayyukansu ne ta manhajoji irin su Dentrix da Open Dental. A ciki ake ajiye sunayen majiyyata, da ranakun ganin likita, da kuɗin da ake bin kamfanonin inshora. Kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. To, me ake yi ranar da ɗayansu ya ajiye aiki, ko aka sallame shi?

Abin da ke fara zuwa wa mai kula da manhajar a rai shi ne ya goge sunan baki ɗaya. Kuskure ne babba. Duk haƙorin da likitan ya cire, duk cikon da ya yi, duk takardar neman biya da aka tura wa inshora, da sunansa suke tafe. Idan majiyyaci ya dawo bayan shekara biyu da ƙorafi, dole a san wanda ya yi masa aikin. Shi ya sa manhajojin suka tanadi dakatarwa maimakon gogewa: sunan zai ɓace daga jerin da ake zaɓa kullum, amma tsoffin bayanai na nan daram.

A Dentrix, idan aka zo dakatar da likita, manhajar za ta nemi a zaɓi wanda zai gaje shi, sai ta mayar da majiyyatansa hannun sabon. Kafin a fara, a ɗauki kwafin ajiya na dukkan bayanai, a kuma rufe manhajar a sauran kwamfutocin asibitin. A Open Dental kuwa ɓoye sunan ake yi, bayan an mayar da majiyyatan ga wani likita. Ko wacce ake amfani da ita, a duba waɗanda aka riga aka ba su ranar ganin tsohon likitan, kada mutum ya zo ya tarar babu mai duba shi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne nan: sunan likita a jerin masu aiki daban, asusun da yake shiga da shi daban. Na farkon zai iya jira har a kammala lissafin kuɗin ayyukansa. Na biyun ba ya jira, a ranar da mutum ya tafi ake rufe shi. Dokar HIPAA ta Amurka, ta shekarar 1996, ta ɗora wa asibitoci alhakin kare bayanan majiyyata, kuma ƙa'idojinta sun tanadi tsarin yanke damar shiga ga wanda ya bar aiki. A Najeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Sai kuma waya. Idan manhajar ta intanet ce, tsohon ma'aikaci zai iya shiga daga ɗakinsa muddin asusunsa na buɗe. A cire shi daga imel ɗin ofis da zauren WhatsApp na ma'aikata. In kuma akwai kalmar sirrin da kowa ya sani, irin wadda ake maƙalawa a jikin kwamfutar teburin karɓar baƙi, a canza ta a ranar.