Ɗaukar Gadina: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Galibin masu gida idan za su ɗauki gadina, wato mai kula da lambu, albashinsa kawai suke lissafawa. Alhali kuwa ɗawainiyar kashi uku ce: ladan ma'aikaci, kayan aiki kamar tiyo da almakashi da taki, sa'annan ruwa. A ƙasarmu na ƙarshen nan ne yakan fi cin kuɗi.

Bari mu yi lissafi. Tsiro yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin ganyensa, rana kuma tana busar da na ƙasa. Lokacin bazara a yankin Kano, murabba'in mita ɗaya na ciyawar ado yakan rasa kimanin lita 5 zuwa 7 a yini. Ke nan fili mai murabba'in mita 100 yana bukatar jarka 20 zuwa 28 masu cin lita 25 kullum. Mai karatu ya tambayi ɗan garuwa farashin jarka, ya auna da albashin gadina.

Saboda haka ƙwararren gadina, ko da ya fi tsada, shi ne mai araha. Zai yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Zai rufe gindin shuka da busasshen ganye maimakon ya ƙone shi, domin ƙasa ta riƙe laima ta kuma sami taki. Zai ba da shawarar dasa lalle da zogale masu jure fari, ya nisanta darbejiya daga katanga saboda saiwoyinta.

Kafin a yanke albashi, a fara tambayarsa: yaya za ka rage mana ruwa?