Yadda Ake Kwance Notin Shaf Idan Ya Kafe

Duk wanda ya taɓa yin aikin ƙafar mota a ƙofar gidansa ya san babban notin nan na tsakiyar tayar gaba, wanda ya riƙe bakin shaf a cikin hob. A kansa aiki yake tsayawa. Ni na fara karo da shi ne a jikin wata Corolla ƙirar 2006, lokacin da robar shaf ta yage, giris ya watse, motar ta riƙa yin ƙas-ƙas duk sanda na karya kwana. Tun hantsi nake fama da shi har aka kira la'asar, kuma abin da ya cinye mini yinin bai wuce fara aikin ta inda bai kamata ba.

Da farko ka tabbatar aikin naka ya biyo ta kansa. Canjin shakazoba kaɗai a irin wannan mota ba ya bukatar a taɓa shi. Amma idan shaf za ka canza, ko boris ne yake gurnani, to babu makawa.

Ba a banza yake da taurin kai ba. A Corolla ta waɗannan shekaru, kamfanin Toyota ya ƙayyade a ɗaure shi da ƙarfin Nm 216, wato kamar ka rataya kilo 22 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Notin taya kuwa Nm 103 ne, bai kai rabin wancan ba. A Camry ma abin ya kai Nm 294. Sai ka haɗa da tsatsa. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Gishirin nan yana cin ƙarfe, ya manne noti da tiredi kamar an yi musu walda.

Kayan aiki ba su da yawa, sai dai ba a yi musu ha'inci. Soket mai lamba 30, kuma mai kusurwa 12, domin notin Corolla ba mai kusurwa 6 ba ne. Wasu motocin Honda 32 suke ci, wasu 36, don haka ka auna naka tukuna. Sai sandar soket mai kauri, ba racet ba, domin haƙoran racet ba za su ɗauki nauyin da za ka ɗora ba. Sai fayif na ƙarfe da sandar za ta shige cikinsa, mita 1 ko fiye, da guduma, da siririn cizal, da man sassauta tsatsa irin su WD-40, da jak, da abin tokare mota. Kuma ka sayi sabon noti tun kafin ka taɓa tsohon.

Babban sirrin aikin shi ne a sassauta notin alhali mota tana ƙasa, taya na taka ƙasa da dukkan nauyinta. Wanda ya ɗaga mota ya cire taya, sannan ya hau danna sanda, hob ne kawai zai riƙa juyawa da shi, kuma kowace dannawa tana girgiza motar a kan jak. Haka mota ke faɗowa kan mutane. Idan rim ɗinka yana da murfi a tsakiya, ɗaga motar, cire tayar, turo murfin daga ciki, sannan ka duba bakin notin.

A nan ne ake yawan yin ɓarna, shi ya sa zan ɗan daɗe. A ƙarshen shaf akwai wata 'yar kwarya da aka fafe a tsaye. Bayan an ɗaure noti, sai a doke leɓensa ya lotsa cikin kwaryar nan, ya zama makulli. Muddin lotsawar tana nan, duk ƙarfin da ka sa ba noti kaɗai kake juyawa ba, tiredin shaf kake yankewa. Ka goge wurin da burushin waya har ka ga kwaryar sarai. Ka kwantar da bakin cizal a cikinta, ƙarƙashin leɓen da ya lotsa, ka riƙa bugawa a hankali, ƙwas, ƙwas, har leɓen ya taso ya koma daidai da zagayen notin. Kada cizal ya fi kwaryar faɗi, kuma kada ka karkata shi ya ciji tiredi. Idan bakin cizal ya karye a ciki, ka ƙara wa kanka aiki, don haka tsohon sukuddireba mai gautsi ba na nan ba ne. Wasu motocin kuma fil ake zura musu ta cikin huda, a lanƙwashe ƙafafunsa. Wannan miƙe shi za ka yi da filaya ka zare.

Makulli ya buɗe, sai ka fesa mai a bakin tiredi, ka ba shi lokaci ya ratsa. Idan da hali, fesa da daddare ka yi aikin da safe. Wasu makanikai man birki suke ɗigawa, amma yana cin fenti, kuma ni ban ga ya fi ba.

Yanzu mayar da taya, ɗaure notinanta, sauke mota. Ja birkin hannu, sa waigi gaba da baya. Ka nemi wanda zai zauna a ciki ya taka birki da ƙarfi. Kada ka dogara da giyar fakin, domin ɗan ƙaramin haƙori ne a cikin giyabos yake riƙe motar, ba a yi shi don wannan kokawa ba. Ranar tawa ƙanena na sa.

"Taka sosai, kada ka saki sai na ce."

"Na taka, Yaya, har ƙafata na rawa."

Zura soket ya zauna har gindi, ba rabi ba. Idan sai ka sa ƙari tsakanin soket da sanda kafin ya kai, to ka tokare wuyan ƙarin da itace ko abin tokare mota, don kada soket ya karkace ya cinye kusurwoyin noti. Kwantar da sanda a gefen hagun notin, daidai da ƙasa, yadda idan ka danna za ta juya saɓanin tafiyar agogo. A Corolla duka tayoyin biyu haka suke kwancewa. Zura fayif, ka dafa jikin mota, ka ɗora nauyinka a hankali. Mutum mai kilo 70 a ƙarshen mita 1 yana ba da kusan Nm 690, fiye da ninki 3 na abin da aka ɗaure notin da shi. Ba a tsalle a kan sanda. Idan ta zame ko ta karye, ƙwauri da haƙora ne ke biya. Za ka ji wata ƙara, ƙau, kamar wani abu ya tsinke. Notin ne ya saki.

Idan bai saki ba, ka cire soket, ka buga gefen notin da guduma da ɗan ƙarfe don tsatsar ta farfashe, ka ƙara mai, ka jira, ka sake. In ka san mai injin kwance noti na iska ko na batir, bugunsa na kan yi abin da sanda ta kasa. Wuta ita ce ta kusa da ƙarshe, kuma ba na son ta a nan, saboda bayan notin akwai giris ɗin boris, da roba, da na'urar ABS. Idan dole ce, goge man da ka fesa tsaf, ka gasa notin kaɗai na ɗan lokaci. Wanda kusurwoyinsa suka riga suka cinye kuwa, sai a tsaga shi da cizal ta saitin kwaryar nan, inda babu tiredin da za a ɓata.

Da ya motsa, tsaya. Kada ka tura motar ko taku ɗaya da noti a sake, domin ɗaurinsa ne yake haɗe boris, kuma nauyin mota zai lalata shi. Ɗaga ta, tokare ta da abu mai ƙarfi ba jak kaɗai ba, sannan ka ƙarasa kwancewa.

Sau da yawa shaf ɗin ma yakan maƙale a cikin hob. Kada ka doki bakinsa da guduma kai tsaye, zai baje, sabon noti ya ƙi hawa. Mayar da tsohon notin har ya yi daidai da bakin shaf, ka kara katako, ka buga a kai.

Wajen mayarwa, fara ɗaura sabon noti da yatsu, ka ji yana tafiya ba gardama. Ƙarasa shi da sifana mai auna ƙarfi, ko da aro za ka yi, zuwa adadin da littafin motarka ya faɗa. Ya yi sako-sako, boris zai mutu da wuri, ya wuce kima ma haka. Sannan ka ɗora cizal mai dakusasshen baki a kan leɓen notin, daidai saitin kwaryar, ka doke shi ya lotsa ciki.