Ina Amfanin Tsofaffin Takardun Masana?

Tambaya: Malam, na ji cewa jami'o'in Turai na ware ɗakuna da ma'aikata don adana wasiƙu da guntayen takardun masana kimiyya da suka rasu tun shekara ɗari. Tunda an riga an buga bincikensu a littattafai, wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka a kan hanya take, sai dai ba duk abin da masani ya gano ne ke kaiwa maɗaba'a ba. Wani ajali ke riskarsa bai gama ba, wani kuma a wasiƙa kaɗai ya gaya wa abokinsa. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya.

A watan Janairun 1913 wani akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras a Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya aika wa G. H. Hardy, malamin lissafi a Kambirij, wasiƙa cike da ƙa'idojin lissafi. Ko digiri ba shi da shi. Hardy ya duba, ya gane cewa ba da ƙaramin mutum yake magana ba, ya yi ta ƙoƙari har aka kawo shi Ingila a 1914. Ciwo ya kama shi a can, ya koma gida a 1919, ya rasu a watan Afrilun 1920 yana da shekara 32.

To, a kwancen nan na ƙarshe bai ajiye alƙalami ba. Ya cika warwarar takardu masu shafi 138 da ƙa'idoji sama da 600, ba bayani, ba hujja, rubutun ma da ƙyar ake karanta shi. Wata uku kafin rasuwarsa ya rubuta wa Hardy cewa ya gano wani sabon nau'in lissafi da ya raɗa wa suna "mock theta", ya ba da misalai kaɗan. Sauran na cikin takardun.

Dubi yawon da suka sha. Ana kyautata zaton Jami'ar Madras ta aika wa Hardy da su a 1923, shi kuma daga baya ya miƙa wa wani masanin lissafi, G. N. Watson. Da Watson ya rasu a 1965, sai aka tarar da ɗakinsa shaƙe da takardu a ƙasa, masu amfani da marasa amfani a cakuɗe, ana shirin cinna musu wuta. Wani masani, J. M. Whittaker, ya tsinto na Ramanujan daga cikin tarin. A 1968 aka kai su laburaren Kwalejin Trinity a Kambirij, aka rufe a akwati. Shiru kake ji har 1976, lokacin da George Andrews, Ba'amurke, ya buɗe akwatin. Da yake a fannin "mock theta" ya yi digirinsa na uku, yana gani ya gane abin da ke hannunsa. Shi da wani masanin lissafi, Bruce Berndt, sai da suka cika littafi biyar, daga 2005 zuwa 2018, wajen warware abin da mara lafiya ya rubuta a shekara guda. Yau har masu nazarin ramukan nan na sararin samaniya da ke haɗiye haske suna amfani da wannan lissafi.

A ganina wanda ya fi cancantar yabo shi ne ma'aikacin laburare da ya riƙe akwatin shekara takwas ba wanda ya neme shi.

Ba zan ce maka kowane akwati akwai irin wannan a ciki ba. Yawanci rasiɗai ne da wasiƙun neman aiki da ƙorafin albashi, kodayake su ma suna nuna wa masu tarihi wanda ya fara gano abu da wanda aka danne wa haƙƙi. Wasu kuma adana su ma aiki ne: littattafan aikin Marie Curie a laburaren ƙasa na Faransa har yau suna fitar da tururin radiyam, a akwatunan dalma ake ajiye su.

Saboda haka in akwai adakar takardun kakanka malami a gida, kada ka bari mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Nemi wanda ya iya karanta su, ko ka tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna, inda ake adana irinsu.