Kula da Bayan Doki Kafin Ranar Hawa

Daga Kwanar Dangora har Tudun Wada da Doguwa, akwai gidajen da doki ke shafe watanni a turke, sai Sallah ta matso ko hawan angwanci ya taso a ɗora masa sirdi. Daga nan ciwon baya ke farawa.

1. A soma kilisa tun saura wata biyu. Naman da ke tallafe da ƙashin baya zubewa yake yi idan doki ya daɗe a tsaye, komai yawan dawa da harawar da yake ci. Makonnin farko tafiya kawai, sannan sassarfa, sukuwa sai daga baya. Azumi ba ya hana wannan, ga sanyin safiya. Wanda zai raka hakimin Ƙiru ko na Bebeji Hawan Daushe a Kano ya tuna dokin zai yini ɗauke da shi, ga kayan ado.

2. Kada a gaggauta hawan duƙushi. Ƙashin bayansa ba ya gama ƙosawa sai ya kai shekara 5 zuwa 6.

3. A sassauta linzami. Wannan ya fi damuna. Matasa na son doki ya ɗaga kai don ƙawa, alhali duk lokacin da aka fizge kansa sama, bayansa lotsawa yake yi, ƙafafun baya su kasa shigowa ƙarƙashin ciki. A kilisa a bar shi ya miƙa wuya gaba da ƙasa. Zamiya kuma kada ta zama wasan kullum.

4. A duba zaman sirdi. Haƙarƙarin doki 18 ne a kowane gefe. Kada sirdi ya wuce na ƙarshe, kada kuma ya danne doro. A bar sararin yatsu biyu ko uku tsakanin sirdi da doro.

5. Hawa tudu a hankali yana gina baya da cinya, kuma mutanen Doguwa ba su rasa tudu ba. Sukuwa a kwalta dai a guje ta.

6. Mahayi da kaya kada su zarce kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. A daina goyo.

7. Bayan an sauke sirdi, a shafa bayansa da tafin hannu. In ya noƙe, ko ya kwantar da kunne, ko aka ga kumburi ko miki, a hutar da shi a kira likitan dabbobi. Kada a sake ɗora sirdi sai wurin ya warke.